Shirya Faifan Sabar Domin Rumbun Bayanai: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suke ta dawowa daga bakin masu kula da sabar, musamman wanda aka damƙa wa sabuwar na'ura aka ce ya ɗora mata PostgreSQL ko MySQL kafin ƙarshen mako. Yawancin misalan na Linux ne, don a kansa na fi daɗewa, amma na taɓo Windows da Oracle inda ya dace. Duk inda na ce "yanki", ina nufin kason da ake yankewa daga faifai a ba shi nasa tsarin fayil. Inda na ce "ɗaura", ina nufin haɗa wannan yanki da wata folda don na'ura ta iya karanta shi ta rubuta masa.

Me ya sa ba zan bar rumbun bayanai a faifan da Linux yake ba, tunda akwai fili?

Filin da kake gani yau ba zai tsaya haka ba. Rumbun bayanai girma yake yi kullum, kuma ba ya neman izini. Ranar da ya cinye yankin da tsarin aiki yake zaune, ba shi kaɗai zai tsaya ba: kundin ayyukan na'ura zai daina rubutuwa, wasu manhajoji za su faɗi, wani lokaci ko shiga sabar ta SSH sai ya yi wuya, daidai lokacin da ka fi bukatar shiga. Haka kuma abin yake juyawa. Wata ƙaramar manhaja ta haukace ta cika `/var/log`, sai PostgreSQL ya rasa inda zai rubuta kundinsa na WAL, wato kundin da yake fara rubuta kowane canji a ciki, ya kashe kansa nan take, alhali ba laifinsa ba ne.

Dalili na biyu shi ne ranar gyara. Idan bayanai suna nasu faifan, kana iya goge tsarin aiki ka sake sabo, ko ka cire faifan ka kai shi wata sabar, ba tare da ka taɓa ko fayil ɗaya na rumbun ba. Duk wannan tsari kuma tun farko ake yin sa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sabar da ta riga ta ɗauki bayanan shekara biyu, sake mata tsari yana nufin a tsayar da aikin mutane.

MBR zan zaɓa ko GPT?

GPT. Dukansu hanyoyi ne na rubuta teburin yankuna a faifai, amma tsohon tsarin MBR ba ya ganin abin da ya wuce TB 2 a faifai mai sekta ta bayit 512, kuma manyan yankuna huɗu kawai yake ɗauka. GPT yana ɗaukar 128 a tsarinsa na asali, yana kuma ajiye kwafin teburin yankuna a ƙarshen faifai, ko da na farko ya lalace. A Linux, `parted /dev/sdb mklabel gpt` ya wadatar. Amma kafin ka danna, gudanar da `lsblk` ka tabbata `sdb` ɗin shi ne faifan da kake nufi, ka duba girmansa da lambarsa. Wannan umarni ba ya tambayar ko ka yi kuskure sau biyu.

Dole ne sai na yanka faifan? Na ga wasu suna yi wa faifai duka fomatin kai tsaye.

Ba dole ba ne, Linux yana yarda a ɗora tsarin fayil ko LVM, wato tsarin da ke haɗa faifai rukuni a riƙa yankowa daga ciki, a kan `/dev/sdb` tsirara. Masu yin haka suna samun sauƙin faɗaɗawa, musamman a faifan gajimare. Ni dai a na'urar da hannu da yawa ke taɓawa na fi son yanki guda ɗaya da ya cinye faifan duka. Faifan da ba shi da teburin yankuna, wasu kayan aiki suna nuna shi kamar fanko, kuma wani abokin aiki mai kyakkyawar niyya yana iya "shirya" shi ya hallaka abin da ke ciki.

Mene ne daidaita farkon yanki, kuma har yanzu yana da muhimmanci?

Faifai ba ya rubuta bayit ɗaya-ɗaya, tubali-tubali yake rubutawa. Tsofaffin faifai suna da sekta ta bayit 512. Daga wajajen 2010 masu ƙera faifai suka koma sekta ta KB 4 a ciki, ko da suna ci gaba da nuna wa kwamfuta 512 don kada tsofaffin manhajoji su rikice. SSD ma shafi-shafi yake rubutawa, RAID kuma, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, yana raba bayanai gunduwa-gunduwa, misali KB 64 ko 256 a kowane faifai.

Matsalar ta samo asali ne daga tsohuwar al'ada ta fara yanki na farko a sekta ta 63. Tsohon `fdisk` haka yake yi, Windows Server 2003 ma haka. Sekta 63 sau 512 ya ba da KB 31.5, lambar da 4 ba ta raba ta daidai. Sakamakon haka kowane tubalin tsarin fayil sai ya hau kan tubala biyu na faifai, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Rubutu ɗaya sai ya zama karanta biyu, gyara, sannan rubuta biyu. Ga rumbun bayanai, wanda aikinsa ƙananan rubuce-rubuce ne a warwatse dare da rana, wannan asara ce da ake biya a kowane daƙiƙa, kuma babu saƙon kuskure da zai gaya maka.

Kayan aikin yanzu suna farawa a sekta ta 2048, wato MB 1 cif, wanda 4 da 64 da 256 da 512 duk suna raba shi. Windows ya koma haka tun Server 2008. Don haka a sabuwar na'ura ba ka da damuwa sosai, amma ka tabbatar: `parted /dev/sdb align-check optimal 1`. Inda abin ke ɓuya shi ne tsohuwar sabar da aka kwafe faifanta sukutum zuwa sabon SSD ko na'urar kwaikwayo. Ta taho da 63 ɗinta, kuma gyaransa sai an kwashe bayanai an sake yanka.

Yankuna nawa ya kamata in yi?

Mafi ƙaranci uku: tsarin aiki, bayanai, da kwafin ajiya. Na huɗu, in hali ya yi, kundin rubutu, wato WAL a PostgreSQL, ko kundin redo da binlog a MySQL. Don a gane amfanin kundin: ɗan kasuwa yana fara rubuta ciniki a littafi nan take, daga baya ya shiga sito ya daidaita kaya. Rumbun bayanai ma haka, yana rubuta kowane canji a kundi a jere, ya tabbatar ya zauna, sannan ya ce wa manhaja "an gama", gyaran ainihin tebura kuwa a hankali yake bi. Rubutun kundi a jere yake, na tebura a warwatse, shi ya sa a faifai mai juyawa raba su yake kawo sauri na gaske. A PostgreSQL ana nuna wurin kundin tun wajen `initdb` da `--waldir`. Foldar sunanta `pg_wal` tun daga siga ta 10, kafin nan `pg_xlog` ce.

Amma a kula da wani ruɗi: yanka faifai ɗaya gida huɗu ba ya ƙara sauri ko kaɗan, kan allura ɗaya ce ke zirga-zirga tsakaninsu. Abin da yake ba ka shi ne shinge, wani yanki ya cika bai shafi wani ba, kuma wannan ma riba ce. A kan NVMe, bambancin sauri kaɗan ne, shingen ne babban dalili.

Kwafin ajiya kuwa, yanki daban a faifai ɗaya ba ajiya ba ce. Ya zama faifai daban, kuma a riƙa fitar da kwafi daga ginin gaba ɗaya.

Nawa zan ware wa kowane yanki?

Lissafa girman bayanan yau, ka ƙara girman da kake hasashe na shekara biyu, sannan ka bar fili da ya kai aƙalla girman teburinka mafi girma tare da fihirisansa. Dalilin na ƙarshen: `VACUUM FULL` a PostgreSQL, da wasu nau'ikan `ALTER TABLE` a MySQL, sabon kwafin tebur suke ginawa gefe kafin su goge tsohon. Wanda faifansa ya kai kashi 90 cikin 100 ba zai iya yin aikin da zai dawo masa da fili ba.

Yankin kundi shi ne ake yawan rainawa. `max_wal_size` yana zuwa da GB 1, sai mutum ya ware GB 2 ya ce ya ninka. Wannan lamba ba iyaka ce mai tsauri ba. Idan sabar da ke kwafar bayanai ta faɗi alhali tana da gurbin kwafi, wanda ke riƙe mata WAL har sai ta karanta, ko umarnin adana WAL ya riƙa kasawa, PostgreSQL zai ci gaba da tara fayiloli masu MB 16 kowanne har faifai ya cika. Tun siga ta 13 akwai `max_slot_wal_keep_size` don sa wa gurbin iyaka. A MySQL 8.0 kuma binlog yana zama kwana 30 kafin a goge shi, in ba ka canza ba. Ka ware wa kundi gommai na GB, kuma ka sa ƙararrawa tun daga kashi 75. Abin yi idan ya riga ya cika yana cikin tambaya ta ƙarshe.

In sa LVM ko in bar shi?

Ka sa. Hasashen girma da muka yi a sama kusan kullum yana kuskure, LVM ne ke sa kuskuren ya zama mai sauƙin gyara. Matakan uku ne: `pvcreate` a kan yankin, `vgcreate` don haɗa su rukuni, `lvcreate` don yanko abin da kake so. Ranar da fili ya yi kaɗan, ka ƙara faifai a rukunin, `lvextend -r` ya faɗaɗa yankin da tsarin fayil ɗinsa tare, rumbun yana kan aiki. Shawarar da nake maimaitawa: kada ka rabe rukunin duka a ranar farko. Ka bar kashi ɗaya cikin biyar a ajiye, don ba ka san wane yanki ne zai fara kuka ba.

Hoton LVM na ɗan lokaci, wato snapshot da ke riƙe yadda yankin yake a wannan lokacin, yana da amfani kafin sabunta manhaja, amma kada a manta shi a buɗe. Tsohon salonsa yana rage saurin rubutu, kuma in ya cika ya tashi daga aiki.

ext4 ko XFS?

Dukansu sun ga jiya sun ga yau, kuma bambancin saurinsu a yawancin ayyuka bai kai a yi musu a kansa ba. XFS shi ne na asali a Red Hat tun siga ta 7 a 2014, yana da ƙarfi wajen manyan fayiloli da rubutu da yawa a lokaci guda, MongoDB ma shi suke ba da shawara ga injinsu na WiredTiger. Abin da za ka sani kafin ka zaɓe shi: ana faɗaɗa shi, amma kada ka yi tsammanin rage shi. In ka ba shi fili fiye da kima, sai dai ka kwashe ka sake fomatin. Wannan wani dalili ne na fara da kaɗan a LVM.

ext4 shi ne na asali a Debian da Ubuntu, ana rage shi idan an fara cire shi daga ɗauri. Yana keɓe wa mai iko da na'ura, wato root, kashi 5 cikin 100 na yankin. A faifan tsarin aiki wannan hikima ce, amma a faifan bayanai mai TB 4, GB 200 ke nan a kwance. `tune2fs -m 1` yana dawo da mafi yawansa.

ZFS yana da kyawawan abubuwa, kamar tantance lafiyar kowane tubali da matse bayanai, amma yana bukatar wanda ya san shi. FAT da exFAT ba su da wuri a wannan magana, NTFS kuma na Windows ne.

Shin girman tubalin tsarin fayil sai ya yi daidai da shafin rumbun bayanai?

PostgreSQL da SQL Server suna aiki da shafi mai KB 8, Oracle ma yawanci haka, InnoDB na MySQL kuwa KB 16. A ext4 da XFS ka bar tubalin a KB 4 yadda ya zo. Rumbunan sun san cewa shafi ɗaya yana iya yagewa rabi idan wuta ta ɗauke a tsakiyar rubutu, sun kuma yi tanadi: `full_page_writes` a PostgreSQL, rubutu sau biyu a InnoDB. Kada ka kashe su don neman sauri.

Inda lamba ke da tasiri shi ne ZFS, wanda `recordsize` ɗinsa yake zuwa da KB 128. Canza shafi mai KB 16 sai ya jawo sake rubuta 128, don haka ake sauke shi zuwa 16 ga InnoDB. Batun NTFS yana amsar Windows a ƙasa.

Me zan rubuta a fstab?

Da farko, a wannan fayil da ke gaya wa Linux yankunan da zai ɗaura lokacin tashi, kada ka rubuta `/dev/sdb1`. Waɗannan sunaye suna bin wanda ya fara amsawa lokacin tashi, yau `sdb` gobe `sdc`. Samo UUID, wato lambar shaidar yankin, da `blkid` ka sa shi, ko ka yi amfani da sunan LVM, wanda ba ya canzawa. A zaɓuɓɓuka `defaults,noatime` ya isa. `noatime` yana hana rubuta lokacin da aka karanta fayil, ribarsa a yau kaɗan ce tunda Linux ya daɗe da komawa `relatime`, amma ba ya cutarwa.

Za ka ci karo da tsofaffin rubuce-rubuce da ke cewa a sa `nobarrier` ko `barrier=0`. Ina roƙonka ka bar su. Wannan zaɓi yana hana tsarin fayil tilasta wa faifai ya rubuta abin da ya riƙe a ma'ajiyarsa ta wucin gadi, kuma XFS ya cire shi gaba ɗaya tun kernel 4.19, har yankin zai ƙi ɗauruwa in ka rubuta shi. Bayan ka gyara fayil ɗin, gwada `mount -a` sannan ka sake kunna sabar da gangan, tun kana zaune gabanta.

Me ya sa ake cewa kada a sa bayanai a kan wurin ɗauri kai tsaye?

Dalili na kusa shi ne ext4 yana ajiye foldar `lost+found` a saman yankin, `initdb` kuma ba ya yarda da foldar da ba fanko ba. Sai ka ɗaura a `/data`, ka ƙirƙiri `/data/pg` a ciki, ka ba rumbun wannan.

Dalili mai nauyi shi ne ranar da yankin ya ƙi ɗauruwa. Na taɓa ganin haka a wani ofishi da na yi wa aiki. Wuta ta ɗauke da dare, batir ya ƙare, da safe sabar ta tashi amma faifan bayanai bai ɗauru ba, kuma an sa `nofail` don kada ta tsaya. Rumbun yana cikin Docker, manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji a keɓe, kunshin rumbun na Docker kuwa in ya tarar da folda fanko sabon rumbu yake ginawa. Manhajar ta ƙirƙiri teburanta, ma'aikata suka yi ta shigar da bayanai har azahar suna mamakin inda tsofaffin suka tafi. Babu abin da ya ɓace, amma haɗa rumbuna biyu masu lambobi iri ɗaya ya ci mu kwanaki, kuma ban manta fuskar matar da ta ɗauka aikinta na shekaru ya tafi ba.

Tun daga ranar abu biyu nake yi. Ina sa `RequiresMountsFor=/data` a fayil ɗin systemd na rumbun, don kada ya tashi sai yankin ya ɗauru. Sannan kafin in ɗaura, ina yi wa foldar fankon `chattr +i /data`, yadda ko mai iko da na'ura ba zai iya rubutu a cikinta ba idan faifan ba ya nan.

Na mayar da bayanai sabon yanki, rumbun ya ƙi tashi yana cewa ba shi da izini.

Duba mallaka tukuna: foldar ta zama ta `postgres` ko `mysql`, PostgreSQL kuma yana son izini 0700, ko 0750 daga siga ta 11. Kwafa da `rsync -a` bayan ka tsayar da rumbun tana kiyaye waɗannan. In mallaka daidai take, to mai gadi ne ya hana. A Red Hat, Rocky da AlmaLinux SELinux ne: ka yi wa sabuwar folda laƙabi da `semanage fcontext` sannan `restorecon -R`. A Ubuntu AppArmor ne ke tsare MySQL a `/var/lib/mysql`, sai ka ƙara sabon wurin a dokokinsa. Kashe mai gadin gaba ɗaya yana sa saƙon ya ɓace, amma ya bar sabar a buɗe.

Wane RAID ya fi dacewa?

RAID 10 ga bayanai, RAID 1 ga tsarin aiki da kundi. Lissafin a fili yake: ƙaramin rubutu ɗaya a RAID 10 rubutu biyu ne, a RAID 5 aiki huɗu ne saboda sai an karanta tsohon tubali da tsohon lissafin kariya an sake rubuta su, a RAID 6 shida. RAID 5 yana jan hankali don yana barin fili da yawa, amma in faifai ɗaya ya mutu, sake gini yana karanta duk sauran daga farko zuwa ƙarshe, awanni masu yawa a manyan faifai, rumbun yana jan ƙafa, kuma faifai na biyu in ya faɗi a wannan tsakani komai ya tafi.

Ka sanar da tsarin fayil siffar RAID ɗin. A kan `mdadm`, `mkfs.xfs` yana ganewa da kansa. A katin RAID sau da yawa sai ka faɗa masa: faifai huɗu a RAID 10 da gunduwa KB 256 shi ne `-d su=256k,sw=2`, don biyu ne ke ɗauke da bayanai, biyu madubi ne. RAID kuma ba ya maye gurbin kwafin ajiya. Tebur da aka goge bisa kuskure, a take yake gogewa a duk faifan.

Wutarmu ba ta tsayawa. Me wannan yake nufi ga faifan?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci gare mu. Yawancin jagororin da ake karantawa an rubuta su ne ga ɗakin sabar da bai san ɗauke wuta ba. Mu kuwa a Kano ko Zinder, sabar da ke ofis tana rayuwa tsakanin wutar gari, janareta da inbata, kuma a wajen sauyawar nan ake samun matsala.

Duk amincin rumbun bayanai ya rataya a kan alkawari guda: in ya ce wa faifai "tabbatar da wannan", wato `fsync`, faifan ya amsa "na yi", to lallai an rubuta. Faifai da katin RAID suna da ƙaramar ma'ajiya mai sauri wadda ke mantuwa da zarar wuta ta yanke. Katin da aka sa ya riƙa amsawa tun bayanai suna wannan ma'ajiya, amana ce kawai in yana da batir ko kariyar filasha mai aiki. Batirin yana tsufa, zafi kuma yana gaggauta tsufansa, don haka a riƙa duba lafiyarsa, kuma kada a zaɓi tsarin da ke tilasta wannan hali ko batir ya mutu. Haka ma'ajiyar faifan da ke bayan katin, a kashe ta. Ga SSD, ka nemi na sabar mai kariyar yankewar wuta, wanda ke da kapasita da ke ba shi damar kammala rubutu. Yawancin SSD na laftof ba su da ita.

A ɓangaren rumbun, `fsync` ya zauna a kunne a PostgreSQL, `innodb_flush_log_at_trx_commit` ya zauna a 1 a MySQL. In sauri ya matsa, `synchronous_commit=off` yana iya jawo asarar cinikin ƙarshe-ƙarshe amma ba ya lalata rumbun, `fsync=off` kuwa yana iya lalata shi duka. Sannan UPS ɗin ya kasance yana magana da sabar ta kebul, da NUT ko `apcupsd`, don ta kashe kanta cikin tsari idan batir ya kusa ƙarewa. UPS da ba ya magana, jinkirta faɗuwa kawai yake yi.

SSD yana bukatar wani shiri na daban?

Kaɗan. Kunna `fstrim.timer` don ya riƙa sanar da faifan filin da aka saki duk mako, maimakon `discard` a fstab. Wajen saye duba yawan rubutun da aka ce zai jure, wato TBW ko DWPD, don kundin rumbu ba ya hutawa. Ka riƙa duba tsufansa da `smartctl`. SSD biyu da aka saya rana ɗaya aka yi musu madubi, rubutu iri ɗaya suke sha, tare suke tsufa.

Ni Windows da SQL Server nake da su. Wani kuma Oracle.

Ga SQL Server: GPT, NTFS, kuma wajen fomatin ka zaɓi KB 64 a matsayin girman kaso maimakon KB 4, don SQL Server yana tara shafuka takwas-takwas, wato KB 64. Fayilolin bayanai, kundin ciniki da `tempdb` kowanne ya samu nasa wurin.

Oracle da ASM, wato nasa tsarin na sarrafa faifai, hanyarsu daban: ba a yi wa yankin fomatin ko kaɗan. Ana yanka shi a daidaita farkonsa, a ba shi suna da mallaka masu ɗorewa ta dokokin udev ko ASMLib, sai ASM ya haɗa su rukuni, yawanci ɗaya na bayanai ɗaya na farfaɗowa. Faifan rukuni ɗaya su zama girma ɗaya da sauri ɗaya. A nan gargaɗin da na yi game da faifan da ke kama da fanko ya fi ƙarfi, don `df` ba zai nuna su ba.

A gajimare fa?

Ƙa'idar ba ta canza ba, faifan bayanai daban da na tsarin aiki. Abin da ya ƙaru shi ne sauri ma saye ake yi: gp3 na AWS yana zuwa da aiki 3,000 a daƙiƙa da MB 125, ƙari sai an biya, kuma ita kanta na'urar tana da nata iyaka. A yi hattara da faifan wucin gadi da ke manne da wasu na'urori, yana da sauri ƙwarai amma yana gogewa idan aka tsayar da na'urar. In ka ƙara girman faifai, sai ka bi da `growpart` sannan `xfs_growfs` ko `resize2fs`.

Ta yaya zan gwada kafin in zuba bayanai?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwada da `fio`, rubutu a warwatse mai KB 8 ko 16, a kan fayil a cikin yankin, don nuna masa faifai tsirara yana goge abin da ke kai. `dd` rubutu a jere yake aunawa, ba zai gaya maka halin rumbu ba. Sannan `pg_test_fsync`, ko da MySQL za ka sa. Faifai mai juyi 7,200 a minti yana zagaye 120 ne a daƙiƙa, in ka ga yana ba da dubban `fsync`, to wata ma'ajiya ce ke amsawa a madadinsa, sai ka koma amsar wuta ka tabbatar tana da batir.

Gwaji na ƙarshe ba a son yin sa, amma shi ne na gaskiya: ɗora rumbun gwaji, ka sa shi rubutu, ka zare wayar wuta. Ka kunna ka gani ko yankuna sun ɗauru, rumbun ya farfaɗo, kuma layin ƙarshe da ya ce ya karɓa yana nan. Ka maimaita sau uku ko huɗu.

Faifan ya riga ya cika, rumbun ya tsaya. Me zan goge?

A cikin foldar rumbun, kada ka goge komai da hannu. Fayilolin `pg_wal`, da `ibdata1` da kundin redo na MySQL, suna kama da shara ga wanda ya firgita, amma su ne rumbun zai karanta ya farfaɗo. Fara da `df -h` da `df -i` ka ga ko fili ne ya ƙare ko adadin fayiloli. In ka bar ajiya a rukunin LVM, `lvextend -r` ya gama maganar cikin minti ɗaya. In ext4 ne kuma ba ka taɓa kason da yake ɓoyewa ba, `tune2fs -m 0` zai ba ka numfashi. Wasu suna ajiye fayil ɗin banza mai GB kaɗan a yankin tun ranar farko, musamman don su goge shi a irin wannan rana.

Da rumbun ya tashi, nemo musabbabi. A PostgreSQL duba `pg_replication_slots` ko akwai gurbin da ba mai amfani da shi, da `pg_stat_archiver` ko adanawa ta tsaya. In ka gyara, shi da kansa zai share tsofaffin WAL. A MySQL `PURGE BINARY LOGS` ne ke rage binlog cikin tsari, bayan ka tabbata sabar da ke kwafa ta riga ta karanta su.